Bokul ɗin takalmin da muke zubawa a Agege

Ranar Juma'a in ka tsaya ƙofar masallaci a Agege ka dubi ƙafafun jama'a, masu sandal kashi biyu za ka gani. Wasu sun durƙusa suna kokawa da maɗauri, liman kuwa ya riga ya yi kabbara. Wasu kuma sun gaji da kokawar tun tuni, sun take maɗaurin baya da dunduniya, sandal ya koma silifas. Takalmin da aka saya da kuɗi masu kauri, cikin wata uku ya tashi aiki, alhali fatarsa ƙalau take. Laifin na ɗan ƙarfen nan ne da ake ɗaure shi da shi, wanda mu a wurin aiki muke ce wa bokul. Wanda ya tsara shi can ƙasarsu, mutumin da zai sa takalmi da safe ya cire da dare ya yi wa. Mu kuwa sau biyar muke cirewa a yini, ban da shiga gidan mutane da zama kan tabarma, kuma in an tashi mayarwa ƙafa a jiƙe take da ruwan alwala. A kan wannan ɗan ƙarfe na kafa shagona, kuma a kansa nake ci da iyalina.

Gidanmu a Kano gidan dukanci ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne, shi ya fara damƙa mini basilla. Amma ƙanen mahaifiyata maƙerin fari ne, wato masu aikin tagulla da azurfa, ba masu ƙirar fartanya ba. Kayan doki yake yi, zobba da ƙarafan ado na linzami da na ragama. Wurinsa na fi son zama, har Baba ya gaji ya ce, to ka je, amma kullum ka gama ɗinkin safe tukuna. Shekara guda cur zugazugi kawai nake ja. Ranar da Kawu ya fara ba ni magagari, zobe ɗaya ya miƙo mini ya ce in goge. Na goge har ina ganin fuskata a ciki, na kai masa ina murna. Bai ko duba ba. Ya tsinko auduga daga tsohon matashi, ya zura ta cikin zoben ya jawo. Wani ɗan sili ya maƙale a ciki. Ya ce, "Ɗan nan, abin da ya kama auduga zai ci fata, abin da ya ci fata zai ci doki. Koma." Kwana uku na yi kan zoben nan. Har yau akwai ƙunshin auduga a kan teburin shagona, kuma babu bokul ɗin da ke fita sai ya bi ta cikinta.

Da na zo Legas, da akwatin gyaran takalmi na fara, ina yawo daga Agege har Ikeja ina ƙwanƙwasa shi. A nan idona ya buɗe. Mafi yawan sandal da ake miƙo mini, ciwonsu ɗaya: harshen bokul ya karye, ko tsatsa ta ci shi ta ɓata fata, ko ramin da harshen ke shiga ya yage ya haɗe da na kusa da shi. A Kano ƙarfe kan yi shekaru bai canza launi ba. Legas kuwa iskar teku ce mai gishiri, ga damina mai tsawo, ga zufa. Baƙin ƙarfen da aka shafa wa ruwan ƙyalli ba ya ganin damina biyu a garin nan.

Bokul na yau da kullum abu uku ne: firam, da sandar da ta ratsa shi, da harshen da ke juyawa a kan sandar ya shiga ramin fata. Kowace cirewa sai an ja fatar baya, an lanƙwasa ta, an zare harshe. Lissafa sau goma a yini, sakawa da cirewa, ka ga dalilin da fata ke tsagewa a daidai wuri ɗaya. Namu mun raba aikin gida biyu. Harshe da ramuka na nan, amma aikinsu daidaitawa kaɗai: ka zaɓi ramin da ya yi wa ƙafarka daidai, ka bar shi a nan. A bayan firam ɗin muka fitar da ƙugiya, ita ke saƙala a jikin wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu da aka ɗinke a gefen takalmi. In ka zo masallaci, babban yatsa ka sa ka tura gaba kaɗan, ta fita. Ko kana riƙe da buta a ɗaya hannun.

Ban ce ni na fara ƙugiya a duniya ba, akwai irinta a takalman waje. Abin da nake tinƙaho da shi lanƙwasar bakinta ne, don a nan gizo ke saƙa. In bakin ya buɗe da yawa, mutum na taka matakalar gadar Oshodi ko yana tsalle ya shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, maɗauri ya saki na ɗan lokaci, ƙugiya ta zame. In ya rufe da yawa, an koma gidan jiya, sai an durƙusa da hannu biyu. Na ɓata samfuri ya fi goma kafin na samu. Kowanne sai na sa a ƙafata na yi mako ina yawo da shi, cikin taɓon Mile 12 da cunkoson kasuwa. A ƙarshe na gane ba zurfin ƙugiyar ba ne, wani ɗan tudu ne da ya kamata a bari a leɓenta ta ciki, bai kai ƙwayar gero ba. Zobe na wuce shi da ɗan ƙas, kuma ba ya komowa sai an tura da gangan. Wannan ɗan tudun da hannu ake fitar da shi, da ƙaramin magagari, ɗaya bayan ɗaya. Zubi ba ya ba da shi daidai.

Sai kuma bayan firam, wato gefen da ke kwanciya a jikin ƙafa. Na kasuwa a miƙe yake kamar allo, ƙafar ɗan Adam kuwa ba allo ba ce. Shi ya sa gefensa ke cizon mutum a ƙasan idon sawu. Namu muna lanƙwasa shi kaɗan ya kwanta a jikin ƙafa, na dama daban na hagu daban. A gaban firam, inda fata ke gogawa, muna sa ɗan siririn bututu mai juyawa, fata ta riƙa birgima a kansa maimakon ta kankaru. Inda kan harshe ke sauka kuma muna yi masa ɗan gurbi, don kada ya tsaya a tsaye ya kama bakin wando ko lafaya. Faɗin cikin firam kullum ya ɗara fatar da milimita 1: maɗauri mai milimita 20, firam mai 21. In ya matse zai ci gefen fata, in ya yi yawa zai riƙa karkacewa.

Harshen kansa ba ma zuba shi. Harshen zubi gautsi gare shi, yana karyewa a gindi. Daga waya mai kauri muke yanka shi, mu buga, mu naɗe a jikin sanda. Wayar da aka buga takan ƙara tauri, kuma in ta sha wuya lanƙwashewa take yi, a miƙe ta a ci gaba.

Ramuka biyar muke hudawa, tsakaninsu milimita 6, kuma ba zagayayyu ba, masu ɗan tsawo kamar ƙwayar shinkafa, don harshe a kwance yake shiga. Mutane na raina zancen ramuka. Ƙafar safe daban da ta yamma. Wanda ya wuni a tsaye a kasuwar Alaba Rago, ko direban da ya taso da tirela daga Arewa, ƙafarsa kan kumbura kafin dare. Haka mai juna biyu, haka dattawa masu ciwon suga, waɗanda bai kamata wani abu ya matse musu ƙafa ko ya ji musu rauni ba. Wata Hajiya daga Idi-Araba ta kawo mini mahaifinta, ta ce duk takalmin da aka saya masa, da safe ya yi masa yawa, da yamma ya ƙi shiga. Na yi masa mai bokul biyu, ɗaya a kan ƙafa ɗaya a dunduniya, ramuka bakwai-bakwai. Da tsohon ya tura ƙugiyar da kansa ta fita, ya mayar ta shiga, sai ya ɗago ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro." Ina da furfura a gemu, amma ranar na ji daɗin kalmar nan.

Tagulla muke zubawa, wato gamin jan ƙarfe da tutiya. A Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa da ke hanyar Ikorodu, nake tsinto ta, wurin 'yan'uwanmu masu jari bola: tsofaffin kan famfo, jikin kwaɗo, kayan injin da suka mutu. Sai wuta ta kai wajen digiri 900 take narkewa. In aka bar ta ta wuce ƙa'ida, tutiyar ciki ta fara ƙonewa, farin hayaƙi ya tashi, wanda shaƙarsa ke sa zazzaɓi, ƙarfen kuma ya fito da ƙananan ramuka. Shi ya sa a fili muke zubi, kuma ni da kaina nake tsayawa kan wuta. A cikin yashi mai laushi muke danna samfuri mu zuba. Tagulla ba ta tsatsa. Takan dushe, wani lokaci ta yi ɗan kore a inda ta daɗe manne da fata, amma tsumma da ɗan lemon tsami sun ishe ta. Ba ma shafa mata nikel, don akwai mutanen da fatarsu ba ta jituwa da shi, wurin ya yi ta ƙaiƙayi da ƙuraje.

Akwai kuma abin da duk ɗan dukawa ya sani. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta haɗu da baƙin ƙarfe da ruwa, baƙi take yi. Da haka ma ake haɗa kuloko, baƙin rinin da iyayenmu ke zane da shi a jikin jar fata. To ka ɗauki jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ka ɗaura mata bokul na baƙin ƙarfe, ka yi alwala sau biyar. Ka yi mata kuloko a inda ba ka so, kuma ba ya fita.

Na faɗi haka ne don ya taɓa cin ni. Wata shekara ana saura mako biyu Babbar Sallah, aiki ya yi mana yawa, zubinmu bai isa ba. Na shiga Mushin wurin masu kayan takalmi, wani ɗan kasuwa da muka daɗe muna hulɗa ya rantse mini cewa nasa tagulla ce zalla. Na yarda da shi, na ɗauki dozin goma sha biyu na sa a takalman yara da na mata. Kafin wata biyu suka fara dawowa, kowanne da baƙin tabo kewaye da bokul. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan tagulla. Na canza wa kowa kyauta, wasu har da fatar. Da na koma masa cewa ya yi shi ma haka aka kawo masa a kwantena. Kuɗin bai dame ni kamar kunyar ba, don wasu iyayen yaran a sahu ɗaya muke sallah. Tun daga ranar mayen ƙarfe ba ya barin aljihuna. In ya kama, ba tagulla ba ce. In bai kama ba ma ban gama ba, sai na ɗan karce bayan da magagari: tagulla rawaya ce har ciki, na tutiya kuwa fari-fari zai nuna, ruwan toka.

Na tutiyar nan su ne ciwon kaina yanzu. Wani ya sayi takalmina, ya cire bokul ɗin, aka kwaikwayo shi da tutiya mai araha, ga shi nan a kasuwa ana sayarwa a kan tire. Siffar ta yi kama, amma babu ɗan tudun leɓe, babu lanƙwasar baya, ƙugiyar kuma ɓallewa take kamar busasshen kara. Abin takaici, in ta ɓalle wurina ake kawowa da faɗa, wai irin naku ne. Sai kuma masu ciniki. Wani Alhaji ya zauna a kan bencina ya juya takalmi ya ce, "Malam, wannan ɗan ƙarfen ne za ka ƙara mini kuɗi haka a kansa? Na ga irinsa a Oshodi, kuɗin ruwan leda." Na ce, "Ranka ya daɗe, araha ba ta ado." Na ɗauko na Oshodin da ke cikin gwangwanina, na ba shi filaya na ce ya matsa. Ya ɓare biyu. Na ba shi namu, ya matsa har jijiyar hannunsa ta tashi. Ya saya, amma sai da ya sake neman ragi.

Babban ɗana ya taɓa karanto mini cewa a Ingila, a ƙarni na 18, bokul ɗin takalmi babbar sana'a ce a birnin Bamingam, har da igiyar ɗaure takalmi ta fara kashe musu kasuwa, masu sana'ar suka kai kuka wurin yarima mai jiran gado a 1791. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, nasu bokul ɗin cire shi ake yi daga wannan takalmi a mayar a wancan, kamar agogo ko zobe. Haka nake yi ban san an taɓa yi ba. Duk wanda takalminsa na wurinmu ya tsufa, ya kawo, mu cire tagullar mu goge, mu ɗinka mata sabuwar fata, kuɗin fata da tafi kawai zai biya. Akwai bokul ɗin da yanzu yana kan takalmi na huɗu, na wani mai sayar da shanu a mayankar Oko-Oba, inda ƙafa ba ta rabuwa da ruwa.

Yara huɗu ke aiki tare da ni, biyu a fata biyu a ƙarfe, ɗaya daga cikinsu Bayarabe ne ɗan Agege da ya iya Hausa kamar a Fagge aka haife shi. Muna yin na maza, na mata, da na 'yan makaranta, muna kuma zuba wa masu ɗinkin takalmi bokul zalla daga milimita 12 zuwa 25, in sun ba da mako biyu. Mai son a auna shi, ya zo bayan La'asar, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, ya kuma riƙo tsohon takalmin da ya fi sawa, don a jikin tafinsa nake ganin ta inda yake taka ƙasa.