Filafili ma makami ne

Na daɗe ina ɗauka cewa dimokuraɗiyyar birnin Atina na tsohuwar Girka daga bakin masana ta fito. Sai kwanan nan, da na zauna ina bin shekarun ɗaya bayan ɗaya, na ga hannun yaƙi a ciki dumu-dumu.

A shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa, aka dace da azurfa mai yawa a Lauriyon, a ƙasar Atina. Wasu suka ce a raba, kowa ya sami dirakma 10, wato kuɗinsu na lokacin. Temistokilis, ɗaya daga cikin jagororin garin, ya ce sam, a ƙera jiragen yaƙi, ga tsibirin Ejina nan ya hana su sakat. Jiragen nan ne, tare da na sauran Girkawa, suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cikin jirgin. Mutum 170 ke tuƙa shi, hawa uku, wani bisa wani. Na can ƙasa ko ruwan da yake bugu ba ya gani, gumin na sama ne ke ɗiga masa. Waɗannan talakawa ne, marasa kuɗin sayen garkuwa da kwalkwalin tagulla, don a lokacin soja shi ke sayen kayan yaƙinsa. To, wanda ya ceci gari da damtsensa, da wane baki za ka ce masa ya yi shiru a taro?

Sauran aikin Siparta, wani babban birnin Girka, ce ta ƙarasa, ba da niyya ba. Girgizar ƙasa ta auka mata, bayinta suka yi bore suka ja daga a dutsen Itome. Kimon, babban masoyin Siparta a Atina, ya kwashi sojoji 4,000 masu sulke ya tafi kai ɗauki a 462. Mutanen Siparta suka ƙi sakin jiki da su, suka sallame su, su kaɗai a cikin duk masu taimako. Wulaƙanci ke nan, ba kaɗan ba.

A wannan tsakanin ne Efiyaltis, wani ɗan siyasar Atina, ya ƙwace yawancin ikon majalisar Ariyofagos ta manyan gari, ya miƙa wa taron jama'a da kotuna. Ni dai ban yarda arashi ba ne, tunda masu sulken da za su iya ja da shi suna can bakin dutse. Kimon ya dawo, aka rubuta sunansa a kan tsingaro, yadda suke jefa ƙuri'ar kora, aka kore shi na shekara 10. Efiyaltis ma bai ci moriyar abin ba, ba a jima ba aka yi masa kisan gilla.