Kafin ka hau mumbarin mutane, ka tambayi abin da ya same su

Ƙannena masu shirin tafiya aikin bishara, ku ba ni aron kunnuwanku. Lokacin da nake da shekara 24, ina karatu a Amurka, cocin da nake zuwa ya haɗa tawaga zuwa ƙasar Gwatamala, a Amurka ta Tsakiya, na kwana 10. Na ba da sunana ban nemi shawarar kowa ba. Aka kai mu wani ƙauye a kan duwatsu kusa da garin Nebaj, cikin mutanen Ishil, ɗaya daga ƙabilun Maya, 'yan asalin ƙasar.

Tun daga gida na fara kuskure. Wata biyu ina haddar Sifaniyanci, ina ganin shiri ya kammala. Da na gai da wata tsohuwa da shi, murmushi kawai ta yi. A wurinta wannan harshen ofis ne da na soja. A tsakar gida Ishil take yi. Ƙasar tana da harsunan Maya 22. Ku koyi gaisuwa da godiya da harshen da ake yi wa jariri wasa da shi, ko da kalma biyar ce.

Gina murhu ya kai mu. Matan suna girki a kan duwatsu uku a cikin ɗaki, irin na kakata, hayaƙi ya mai da rufin baƙi ƙirin, yara na ta tari. Sabon murhun na bulo ne, da farantin ƙarfe a sama da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Aikin alheri ne, har gobe ina kan wannan. To amma akwai magini a ƙauyen, ni kuwa na karɓe cokalin ginin daga hannunsa don ina so a ce hannuna ne ya yi. Layin bulon ya karkace. Washegari da sassafe na tarar ya sauke shi yana sake ɗorawa, bai ce mini uffan ba. Kuɗin jirgina kaɗai da ya biya ladan aikinsa a gidaje masu yawa. In kun je, ku kwaɓa siminti, ku ɗauko bulo, ku bar wa mai sana'a sana'arsa.

Abin da ya fi ci mini rai ranar Lahadi ya faru. Aka ba ni minti 10 in yi magana. Na buɗe Filibiyawa 3:13, na ce su yafe, su manta da abin da ya wuce, su dubi gaba. Tafintan ya daɗe bai buɗe baki ba kafin ya juya maganar. Cocin ya yi tsit. Wata mata a layin gaba ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Da yamma faston ƙauyen ya zaunar da ni a bayan gidansa, ya ce, "Ɗana, ka san abin da ya wuce ɗin da kake cewa mu manta?" Ban sani ba. An yi yaƙin basasa a ƙasar daga 1960 zuwa 1996. Hukumar bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ce a 1999 kimanin mutum 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne. A 1982 da 1983, zamanin Janar Efraín Ríos Montt, sojoji sun ƙone ƙauyukan Ishil da gonakin masararsu, suna zarginsu da ciyar da 'yan tawaye. Shi wannan janar mai zuwa coci ne, a lokacin mulkinsa yana yi wa ƙasa wa'azi ta talabijin ranar Lahadi. A 2013 kotu ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a kan 'yan Ishil 1,771, bayan kwana 10 kotun tsarin mulki ta soke hukuncin. Cikin matan da na tsaya a gabansu akwai waɗanda har ranar ba su san ramin da aka jefa mazajensu ba. Kuma sun taɓa jin sunan Yesu a bakin mai ba da umarnin. Duk da haka ba su bar sujada ba. Su ne ni, baƙon kwana huɗu, na zo koya wa yafiya.

Dare ɗaya na karatu da ya hana wannan. Ku karanta tarihin wurin kafin ku ɗaure kaya, ku tambayi shugabannin cocinsu abin da ake faɗa da abin da ake yin shiru a kansa.

Akwai kuma hoto. Na ɗauki wata yarinya sanye da jan zanen da matansu ke ɗaurawa, ban nemi izini ba, uwarta ta janye ta cikin gida. Ni da na taɓa ganin baƙi a ƙauyenmu suna ɗaukar yara marasa takalmi, na ji zafin abin a lokacin. Sai kuma wani yaro da ya tambaye ni ko zan dawo, na ce masa baɗi. Ban koma ba. Kada ku yi wa yaro alkawari don rabuwa ta yi muku sauƙi. In za ku taimaka masa da kuɗin makaranta, ku bi ta hannun dattawan cocinsu.

Na roƙi faston ya bar ni in nemi gafara a gaban jama'a. Ya ce magana ta isa haka, in je in taya matan ƙauyen ɓare masara. Kwana uku ina zaune a kan buhu, yatsuna suka yi bororo, ba mai ce mini komai sai dai a miƙo mini gurasar masara mai zafi da wake. Ranar da za mu tafi, matar nan da ta rufe fuska ta kira tafinta. Ta faɗa mini sunan mijinta, da shekarar da aka tafi da shi, ta ce in riƙa sa shi a addu'a har a gano inda yake.