Mashaƙo, wanzami da kakar yaro

Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, shirin da muka yi mu ma'aikatan jinya na kayan aiki ne: takunkumi, safar hannu, ɗakin killacewa, allurar karya dafin cutar. Duk sun yi rana. Sai dai yaran da suka fi jigata ba asibiti aka fara kai su ba.

A gidajenmu in yaro ya kasa haɗiya, ga zazzaɓi, kaka ce ke yanke hukunci: belu ne ko hakin wuya, a kira wanzami. Mashaƙo kuwa wata fata mai ruwan toka yake shimfiɗawa a maƙogwaro, da ƙarfe ya taɓa ta sai jini. Dafinsa yana bin jini ya kama zuciya, allurar kuma dafin da ke yawo kaɗai take karyawa, wanda ya riga ya kama nama ya fi ƙarfinta. Kwanakin da ake zaman jiran yankan aska ya warke su ne yaro ya fi bukata.

A nan na koyi tambaya. Ki ɗaure fuska ki ce "An kai shi wajen wanzami?", amsar a'a ce. Amma ki ce "Iya, sannu da ƙoƙari, me da me aka yi masa a gida?", sai ta zayyano komai, rubutu, jiƙo, har askar. Ban taɓa faɗa da rubutu ba, a sha a haɗa da magani. Askar nake roƙo a ajiye, kada a kai ta wuyan ƙannensa.

Dubiya ta fi wuya. Hana dangi shiga wajen mara lafiya don kada su kamu kamar yanke zumunci ne, mu kanmu nauyin korar dattijo daga bakin ƙofa muke ji. In maganar ta fito daga bakin liman ko mai unguwa, an fi ɗauka.

Uban da ya ƙi allurar Penta, rigakafin da ya haɗa da na mashaƙo, wadda ake yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, na daina yi masa kallon jahili. Wasu suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, inda 11 suka rasu. Irin wannan uban sai na ba shi kujera, na nuna masa kwalbar, na gaya masa ita aka yi wa 'ya'yana.