Yadda na zaɓa wa motata gejin zafi da gejin baƙin mai

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 da tsakar rana, na maƙale a cunkoson Titin Katsina wajen Kurna, sai na ga tururi yana fitowa ta gefen bonet, alhali allurar zafi da ke gabana tana zaune a tsakiya ba ta ko motsa ba. Motar tsohuwa ce, ƙirar Japan, kuma wayoyinta sun sha hannun masu wayarin iri-iri tun kafin ta zo hannuna. Gasket ɗin kan inji ya ƙone a ranar, motar ta yi kwana shida a gareji, kuma tun a can na ƙudura cewa zan sa gejin zafin ruwa da na ƙarfin baƙin mai waɗanda za su nuna mini lamba a fili.

Da na je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa sai na tarar geji iri biyu ne, wanda yake aiki ba tare da lantarki ba da kuma mai waya. Na farkon, idan na baƙin mai ne, siririn tiyo ake jawowa daga jikin inji har cikin mota, man ya biyo shi ya shiga wani lanƙwasasshen bututu da ke bayan gejin, wanda yake ƙoƙarin miƙewa gwargwadon ƙarfin man, shi kuma ya ja allura. Dabara ce tsohuwa, wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ne ya yi mata rajista a 1849, kuma har yau ba ta canza sosai ba. Na zafi kuwa yana da ɗan kwanso da ake nutsawa cikin ruwan inji, a haɗe da siririn bututu rufaffe mai ɗauke da wani sinadari da ke kumbura idan ya ji zafi. Mai wayar shi ba ya shigo da komai cikin mota sai waya, domin sensa ce ake ɗaurawa a jikin inji tana aiko da saƙo.

Abin da ya ja ni ga marasa lantarkin shi ne, na riga na cire rai daga wayoyin motar, ga shi allurarsu tana zagaya kusan kashi uku cikin huɗu na da'ira, digiri 270, yayin da masu waya masu araha da aka nuna mini digiri 90 kawai suke lilo, ta yadda bambancin zafi 90 da 100 bai fi kaurin allurar da yawa ba. Na sayi guda biyu. Bakanikena, dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya juya tiyon roban da ya zo cikin kwalin gejin mai, ya ce, "Alhaji, wannan na zafin ka yi dace, amma wannan robar ba na son ta kwana kusa da salansa." Na ce masa a ɗaura haka nan, daga baya ma canza.

Gejin zafin ya biya ni tun makon farko. Kafin a ɗaura shi na sa an tafasa ruwa a buta na tsoma kwanson, allura ta tsaya wajen 98, wanda shi ne daidai ga gari mai tudu irin Kano, inda ruwa yake tafasa ƙasa kaɗan da 100. A hanya kuma ya nuna mini abin da ban taɓa sani ba, cewa da asuba injin ba ya ko kai 70, saboda wani ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, al'adar da ta yi yawa a garejojinmu bisa tunanin cewa ƙasarmu zafi gare ta, a cunkoso kuma sai ya haura 100 saboda fankar lagireto ba ta tashi kan lokaci. Muka mayar da tamostat mai buɗewa a 82, aka gyara fankar. Kuma da yake gejin ba ya dogara da batir, ko na kashe mota ina ganin yadda zafin yake ƙara hawa na 'yan mintuna kafin ya fara sauka. Ɗaurinsa dai yana son haƙuri, domin ba a yanke bututun, ba a karya shi, ragowarsa naɗe shi ake yi da faɗi, kuma idan ya huje gejin ya tashi daga aiki ke nan.

Na baƙin man ne ya ba ni tsoro. Bayan wata huɗu, ina kan Titin Zariya da iyalina a baya, na ji ɗumi a ƙafata ta dama, na duba na ga baƙin mai yana ɗiga daga ƙarƙashin sitiyari yana jiƙa safata da tabarmar ƙasa. Robar ta bushe da zafi, ta goge a ramin da ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta tsage. Allah ya taƙaita ɗigo ne, domin da ta balle gaba ɗaya, famfon mai zai yi ta feso tafasasshen mai a ƙafata har injin ya bushe. Ana iya sa bututun jan ƙarfe a madadinta, amma shi ma girgiza tana gajiyar da shi har ya tsage, kuma ni daga ranar na yanke cewa man inji ba zai sake shigowa inda 'ya'yana suke zama ba.

Na koma ga geji mai waya, shi ma sai da ya koya mini nasa darasin. Zaren sensar, wato layukan murɗin da ake ɗaure ta da su kamar na noti, na Amurka ne, ramin injin kuma irin na Ingila ne da motocin Japan suke bi, sun yi kama sosai amma ɗaya zare 27 ne a inci, ɗaya 28, don haka sai da muka nemo mahaɗi, da ba haka ba ramin zai lalace. Bayan an ɗaura, allura ta riƙa rawa duk lokacin da na kunna fitila. Mai wayarin ya gano cewa farin tef ɗin da aka nannaɗe zaren da shi don hana yoyo ya raba sensar da ƙarfen inji, alhali ta nan wutarta take komawa. Ya cire shi, ya ja wa gejin waya tasa ta daban zuwa jikin inji, ya sa masa fiyus, allura ta natsu. Ya kuma gargaɗe ni cewa idan sensar ta mutu in nemo irin tata, domin kowane geji da sensar da aka auna shi da ita.

Fitilar mai ta asali ban yarda a cire ta ba, an raba ramin injin biyu, ɗaya na sensar fitilar, ɗaya na sensar gejin, ko da yake ita ba ta kamawa sai ƙarfin man ya faɗi ƙasa sosai, wajen rabin bar (ma'aunin ƙarfin man ke nan) ko ƙasa da haka. Yanzu idan injin ya yi zafi a tsaye ina ganin bar ɗaya da rabi, a gudu kuma ya kai huɗu, kuma da gejin ne na gane ranar da aka zuba mini man da ya tsinke da wuri, na sa aka juye shi tun kafin lokacin sabis ya yi.