Tambayar da Malam ya rubuta da jan biro

Ina aji uku a sashen tarihi aka ba mu aikin rubutu kan ladabtarwa a rundunar sojan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Na zuba alƙaluma kamar mai lissafin kanti: kotunan soja sun yanke hukuncin kisa sama da 3,000, an zartar da 346, akasarinsu saboda gudu daga fagen fama. Sai na rufe da cewa an harbe matsorata ne don a tsoratar da saura. Da takardata ta dawo, Malam ya ja layi ƙarƙashin "matsorata", ya rubuta a gefe: "In ji wa?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ai haka kotu ta ce." Ya ce in ɗauki mutum ɗaya cikinsu in bi sawunsa, sannan mu yi magana.

Na ɗauki Herbert Burden, ɗan Landan. Yana da shekara 16 ya ƙara wa kansa shekaru aka ɗauke shi soja, alhali ƙa'ida ba a kai mutum yaƙi ƙetare sai ya cika 19. A watan Yuni 1915 ya bar inda aka ajiye shi a yankin Ypres, a Beljiyam. Ya ce ya je ganin wani abokinsa ne a wata bataliya. Ba waliyyi ba ne, an sha kama shi da fashin aiki kafin nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya tsaya masa a gaban kotu, domin waɗanda suka san halinsa yaƙi ya riga ya cinye su. Ranar 21 ga Yuli 1915 aka harbe shi, yana ɗan shekara 17.

Nan na gane takardar hukunci muryar mai hukunci ce kawai. Ni kuwa na kwafe ta na ce tarihi na rubuta. Tun daga ranar, duk takardar da ta zo hannuna sai na tambayi wanda ya rubuta ta, da abin da yake tsoro a lokacin, da wanda ba ya nan balle a ji ta bakinsa. Hafsoshin 1915 tsoronsu kada rundunar ta watse, kuma ba a ɗauki firgitar da ruwan bama-bamai ke jefa soja a ciki da muhimmancin da ake ba ta yanzu ba.

Su kansu Turawan sun daɗe kafin su sake duba lamarin. Sai a 2001 aka kafa wurin tunawa a Alrewas, cikin gundumar Staffordshire: mutum-mutumin yaro an ɗaure masa idanu, an sassaƙa shi da Burden a rai, bayansa turaku 306, kowane da sunan soja ɗaya cikin waɗanda aka harbe. A 2006 majalisa ta yi wa waɗannan 306 afuwa, amma ba ta soke hukuncin ba. A takarda har yau Burden mai laifi ne.

Na sake rubuta aikin, na cire kalmar. Malam ya ba ni maki madaidaici, ya ce yanzu kuma na cika tausayi, in koma in karanta abin da hafsoshin suka faɗa.