Yadda na gyara ƙarƙashin matakalarmu ya zama ma'ajiya

Shekara uku muna jefa tarkace a ƙarƙashin matakalar bene. Tsohuwar fanka, takalman da suka yi wa yara kaɗan, gwangwanayen fenti, akwatunan tafiya, duk abin da aka rasa inda za a kai shi nan yake ƙarewa. Wata rana da daddare na kwashe kusan rabin awa a durƙushe ina laluben fitilar hannu, kaina sai gwaruwa yake da kankare. Washegari na fito da komai waje, na share wurin, na ɗauko tef ɗin awo.

Zurfin wurin daga bakinsa zuwa bango santimita 90 ne, tsawonsa mita biyu da rabi, tsayinsa a ɓangaren sama santimita 190, daga nan yana gangarowa har ya haɗe da ƙasa. Na sayo filawud mai kaurin milimita 18, irin wanda falle ɗaya yake santimita 122 a faɗi, 244 a tsawo. Na zana abin da nake so a takarda, na yanka katakan tsaye, na zo sakawa. Na farko ya shiga a baki, da na tura shi ciki sai ya cije. Na biyu kuwa ya shiga, amma ya bar giɓin da hannu zai wuce.

Kawuna tsohon kafinta ne, ya daina aiki amma idonsa na nan. Da ya zo na ce masa, "Kawu, wallahi sau biyu na duba awon nan, daidai yake." Ya tsuguna, ya ɗora lebur, wato ma'aunin daidaito mai ruwa da kumfa a ciki, a ƙasa, ya nuna mini yadda kumfar ta gudu gefe. Ya ce, "Ɗana, awonka daidai ne a inda ka auna. Sauran wurin fa, wa ya auna maka?"

A baki kawai na yi awon. Ashe daɓen ya tashi da kusan santimita biyu kafin ya kai bango, bangon kansa ba a miƙe yake sak ba, cikin matakalar kuma duk tudu da kwari ne, shaidar katakan da aka tare kankaren da su lokacin zubawa. Ya sa na kawo manyan kwalaye, muka riƙa yankawa muna gwadawa a wurin, a rage nan a ƙara can, har kwalin ya zauna daram. Sannan aka ɗora shi a kan katako aka bi da fensir. Wannan dabara ta kwali ita ta ceci sauran filawud ɗina, kuma duk wanda zai yi aiki a wuri mai gangara ita zan fara gaya masa, domin lissafin kusurwa a takarda ba ya ganin ƙullutun siminti.

Shawararsa ta biyu ta canza mini tsarin gaba ɗaya. Ni da niyyata in kafa kantoci a jikin bango da jikin matakalar. Ya hana ni. Matakalar kankare da rodi a cikinta, ba a huda ta haka kawai. In ta katako ce kuma, dogayen katakai biyun nan na gefe su ke ɗauke da nauyin duk mai hawa, ba a yanka su, ba a rage musu ko ɗan yatsa don durowa ta samu hanya. Haka duk wani ginshiƙi ko bango da aka tarar a ƙarƙashi, kada a rushe shi sai wanda ya san gini ya duba. Abin da muka yi shi ne akwatuna uku masu zaman kansu, kowanne ya gaza gurbinsa da santimita ɗaya, aka tura su ciki, aka rufe giɓin da siririn katako. Matakalar ba ta ɗauki nauyin komai ba.

Kafin akwatunan sai da muka yi musu gindi: firam mai tsayin santimita 10, aka daidaita shi da lebur ana cusa 'yan guntayen katako a ƙarƙashi inda ƙasa ta faɗa. Amfaninsa biyu ne. Duk abin da aka ɗora a kai zai zauna daidai, kuma ruwan goge ɗaki ba zai taɓa filawud ba, wanda bakinsa yake shan ruwa ya kumbura. Mun kuma bar tazarar santimita uku tsakanin bayan akwatunan da bango saboda danshi. Wuri biyu kawai na huda bango don in ɗaure dogon akwatin kada ya rinjayo, shi ma sai da na kashe wutar gidan, na kuma kauce wa saitin soket da makunni, tunda waya a cikin bango yawanci miƙewa take yi daga gare su, ko sama ko ƙasa ko gefe.

Kuskuren da ya fi ba ni ciwo bai fito ba sai bayan wata biyu. A dogon ɓangaren na yi kantoci masu zurfin santimita 85, ina murna ban bar ko taki ɗaya a banza ba. Amma hannun mutum iyakarsa wajen santimita 60. Duk abin da aka tura baya ya ɓace ke nan, gaba kuma ya cika ya tare shi. Wato tarkacen da na kora ya dawo, sai dai yanzu a kan kanta yake. Ga shi kantar da na ɗora wa littattafai, mai faɗin mita ɗaya, ta fara lanƙwasa a tsakiya.

Na sake kwancewa. Kantocin na mayar da zurfinsu santimita 40, sai aka samu fili a gaba da mutum zai sa ƙafa ya shiga, na kafa maratayai a gefe don tsintsiya da jakunkuna. Na sa katakon tsaye a tsakiya yadda babu kantar da ta wuce santimita 60 ba tare da abin tokare ta ba, na kuma manna siririn katako a bakin kowacce don ƙarin ƙarfi. Ɓangarori biyu na ƙasa, inda ba a iya tsayawa, na mayar da su manyan durowoyi da ake jawowa waje gaba ɗayansu. A ganina nan ne asirin wurin yake: tunda kai ba za ka iya shiga ba, kayan ne za su fito su same ka.

Na yi tunanin sa musu layin ƙarfe irin na durowar tebur, amma shi yana son gefe biyu su yi daidai ƙwarai, da tazarar kusan milimita 13 kowane gefe, in an kuskure kaɗan sai ya riƙa cijewa. Sai na yanke gindin a saitinsu na sa tayoyi su bi daɓe. Na fara da masu juyawa ko'ina, durowar ta dinga karkacewa tana gogar gefe. Da na canza zuwa tayoyin da ba sa juyawa sai ta miƙe. Ɗan lungun ƙarshe da bai kai santimita 30 ba na toshe shi da katako, don ba abin da zai tara sai ƙura da ɓera.

Akwai 'yan abubuwan da hannu ne ya koya mini. Zarto yana cin kusan milimita uku, saboda haka a yanka ta gefen da za a yar, ba a kan layin ba. Bakin filawud yana tsagewa in an ɗaura sukuru ba a fara yin ƙaramar huda ba. Fenti kuma a yi shi tun kayan suna waje, don kwanciya a rami da buroshi wahala ce.

Tukunyar gas da galan ɗin fetur da a da suke zaune a wurin ban mayar da su ba, kuma ba zan yarda a mayar ba. Matakalar nan ita kaɗai ce hanyar saukowar masu kwana a sama, in wuta ta tashi a ƙarƙashinta ba su da mafita.

Na huda ƙananan ramuka a saman ƙyauren ma'ajiyar don iska ta riƙa shiga, na liƙa fitila mai batir da ke kunna kanta in an buɗe. Durowar ƙasa ta zama ta takalman yara, sai dai mariƙinta ya yi wa ƙaramar 'yarmu tsauri, tana ja da hannu biyu. Na sayo wani mai faɗi, ranar Asabar zan canza mata.