Su da albashi suka gina, mu albashin a haya yake ƙarewa

Akwai maganar da dattawa suke yawan faɗa mana a Kano in zancen gida ya taso, wai mu yaran yanzu bamu da tattali, kuɗinmu a waya da shadda da data yake tafiya, shi yasa mutum zai doshi shekara arba'in yana gidan haya. Wallahi ina ganin girmansu, amma maganar nan tana min ciwo, don ba haka abin yake ba.

Babanmu ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, kuma da albashinsa da adashi ya sayi fili a Ɗorayi tun wajen yana gonaki, ya fara da ɗaki biyu da soro na jar ƙasa, daga baya ya dinga ƙara na bulo kaɗan-kaɗan har gida ya zama gida. Ya sha wuya, ban musa ba. Amma fa a zamaninsu aka yi Udoji a 1974 aka ƙara albashi har da ariyas, a zamaninsu gwamnati take gina rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja, ga gidajen Shagari da aka yi tsakanin 1979 da 1983, kuma irin waɗannan gidajen da yawa daga baya mazauna ciki aka sayar wa. Mai ƙaramin ƙarfi in ya daure yana iya kaiwa.

To yanzu mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma a farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura 10,000, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge kan farashin. Kaga kenan a wannan farashin albashin wata guda cur buhu bakwai ne, in mutum bai ci ba bai sha ba bai hau adaidaita ba, ba a zo maganar rodi da kwano da kuɗin birkila da lebura ba, ita kuwa tifar yashi tunda aka cire tallafin mai a 2023 sai dai a yi shiru. Dan Allah wane irin tattali ne zai cike wannan?

Shi kanshi filin wani tashin hankalin ne. Cikin gari ya fi ƙarfinmu, sai ka fita can gefe ka sayi awon igiya, babu titi babu kwata babu wuta, dillali ya karɓi la'adarsa, kai kuma ka koma kana addu'a Allah yasa ba a sayar wa wani kafin kai ba. Takarda kuma sai ta mai unguwa, don a dokar ƙasa ta 1978 fili yana hannun gwamna ne, samun takardar mallaka ta gwamnati kuwa sai mai haƙuri da mai hanya, banki kuma ba zai kalle ka ba in babu ita. Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, ana cire kashi 2.5 a albashi, amma bashin da kuɗin ruwa yake zuwa, mutanenmu da yawa suna gudunsa saboda riba, kuma mafi yawan samarin garin nan ma ba albashi suke ɗauka ba, teloli ne da 'yan kasuwar waya da direbobi. Gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su da kyau, amma malamin firamare bai isa ya taya ba.

Shi yasa kowa idonsa ya koma kan gidan gado, abin da ya fi damuna kenan. Yayana da zai yi aure soron Baba ya yanka ya fitar da ciki da falo, matarsa a lungun da a da muke ajiye keke take girki, in an yi ruwa sai ta ja risho cikin ɗaki. Ƙannena maza kuma ko soron da za su yanka babu, auren ma sun jingine shi. Ranar da aka zo rabon gado sayar da gidan za a yi, don ba zai yanku ba, kason kowa ba zai sayi ko rabin fuloti a unguwar da aka haife shi ba, na mata kuwa rabin na maza ne. Na ga gidajen da zumunci ya watse a kan wannan, 'yan uwa ciki ɗaya suna gaban alƙali.

Da na faɗa wa Kawu haka sai yace, "Ɗana, kowa da zamaninsa, ku dai ku yi haƙuri." Nace Kawu Allah ya ƙara girma, haƙurin muna yi, amma mu abin da muke nema gwamnati ta yanka filaye ƙanana masu titi da kwata da takarda, ta bar mutum ya dinga biya wata-wata babu ruwa a kai, ginin ko da bulo ɗai-ɗai ne za mu yi da kanmu.